Ranar da Liman Ya Kama Hancinsa

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, amma abin da ya faru tsakanina da yayana a shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa, wannan kam har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Zan faɗe shi daki-daki yadda ya faru, don ni ba na son labari a hargitse.

A lokacin na bar aikin soja, an ɗauke ni helman leburorin hanya a Birnin Kudu. Yayana kuwa shi ne limamin ƙauyenmu, can wajen Farin Dutse a ƙasar Gwaram. Limancin nan gado ne, kakanmu ya yi, mahaifinmu ya yi. Ni firamare kawai na taɓa, sai na sa kaki. Shi ne ya zauna gaban littattafai.

Wata Laraba na je gida, muka tsaya sallar la'asar, ina sahun gaba dab da bayansa. A raka'a ta biyu sai na ga ya sa hannu ɗaya ya kama hancinsa, ya miƙo ɗayan ya jawo ni gaba, ya ratsa sahu ya fice. Dole na ƙarasa jan sallar a madadinsa. Yadda na kai jama'a ga sallama, Allah kaɗai ya sani.

Ina idarwa na bi shi gida, ina tsammanin haɓo ne. Na same shi a zaure ya dafe ciki, babu ko ɗigon jini a rigarsa.

Na ce, "Yaya, ina jinin?"

Ya ce, "Babu jini, ƙanena. Haka ake yi idan alwala ta karye wa mutum cikin salla, sai ya kama hanci don asirinsa ya rufu. Cikina ne. Ya yi ta murɗa, ya kumbura kamar ganga, iska ta ƙi riƙuwa. Yau gudawa, gobe in kwana uku ban zaga ba. Wannan ne karo na huɗu a watan nan, kuma mutanen garin nan ba yara ba ne. Wane irin haɓo ne sau huɗu a wata?"

Ya ci gaba da cewa sallarsa shi kaɗai ta yi ko da larura, amma bai dace mai irin wannan ya riƙa jan masu lafiya ba. Ya ce, "Idan azumi ya kama ina haka, zan miƙa wa wani." Azumi saura wata huɗu. Wato limancin da ya yi zamani uku a gidanmu zai fita ke nan.

Nan take na karɓi ragamar jinya, ba tare da kowa ya ba ni ba. A bariki, duk sojan da ya kwanta shayi da burodi ake ba shi, don haka na ɗauka shi ne abincin marar lafiya. Ga shi kuma zamanin ne burodi ya fara shiga ƙauyuka a motar kasuwa, har jama'a na kai wa liman shi a matsayin gaisuwa. Na zauna na rubuta doka a takarda, na manna ta a bangon ɗakinsa. Na farko, an hana tuwon dawa, don yana da nauyi. Na biyu, an hana fura, don tana da tsami. Na uku, da safe shayi da burodi, da rana taliya, da yamma funkaso mai laushi ko a sake burodi. Na aiko da buhun fulawa, na kuma shirya da direban motar kasuwa ya riƙa sauke burodi duk bayan kwana biyu.

Matar yayana, wadda ba ta kirana da komai sai Kofur, ta dubi takardar ta ce, "Kofur, mutumin da aka yaye da fura za ka raba shi da ita?"

Na ce, "Doka ce."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe, mun ji doka. Allah ya sa cikin ma ya iya karatun boko."

Ban yi dariya ba. A wancan zamani ban cika dariya ba.

Wata biyu aka yi ana bin takardar nan, ciwo sai gaba yake yi. Yayana ya rame, rawaninsa ya yi masa girma. Yawancin salloli na'ibinsa ke ja, shi yana sahun baya kusa da ƙofa. Ya taɓa ce mini a hankali, "Burodin nan kamar yana ƙara kumbura ni." Na ce masa ciwon ne yake fita, ya daure. Wata rana kuma na shigo ba sallama mai ƙarfi, na tarar da matarsa tana dama masa fura a ɓoye. Na karɓi ƙwaryar na kifar a tsakar gida, kaji suka taru. Har yau idan na tuna, sai in ji kunya ta rufe ni.

Da azumi ya rage mako shida, na ɗauko shi zuwa asibiti a Birnin Kudu, matarsa ta biyo mu da kwanon abinci. Aka auna jini, aka duba bayan gida, ba a ga tsutsa ba, ba a ga wani mugun abu ba. Likitan ya tambayi abin da yake ci. Na zaro kwafin takardata daga aljihu na miƙa masa, ina jiran yabo.

Ya karanta, ya ɗago kai. "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Ni ne, yallaɓai."

"Akwai ranakun da yake samun sauƙi?"

Na ce babu. Sai na ji murya daga bakin ƙofa. Matar yayana ce. Ta ce, "Akwai, likita. Da ruwa ya cinye hanya, mota ta kwana takwas ba ta shigo ba, burodi ya ƙare, fulawar ma ta jiƙe. Na koma ba shi tuwon dawa da kunun gero. Kwana huɗu a jere Malam ya ja salla biyar-biyar lafiya lau. Ranar da mota ta dawo, ciwo ya dawo."

Na juya ga yayana na ce, "Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

Ya ce, "Ka taɓa tambaya? Kai fa da umarni kake zuwa. Kuma ga ɗawainiyar da kake yi, da wane baki zan ce maka kyautarka ce ke kayar da ni?"

Likita ya ɗauki alƙalami ya soke layukan takardata ɗaya bayan ɗaya a gabana. Burodi, alkama. Taliya, alkama. Funkaso, alkama. Ya ce hanjin yayana mai saurin fushi ne, ciwon ba ya kisa amma ba a rabuwa da shi gaba ɗaya, sai dai a lallaba shi. Ya ce kowa da abin da ke tayar masa, shi kuwa alamu sun nuna alkama ce babba. Ya ba shi ƙananan ƙwayoyi farare da zai sha kafin abinci don murɗar ciki, da wani maganin ruwa na ranar da gudawa ta matsa. Ya ce a bar duk abin da fulawa ta taɓa, a koma dawa da gero da shinkafa da doya, a ci kaɗan-kaɗan, a sassauta wake da yaji.

Na fito daga ɗakin nan ban san ta ina na bi ba. Wata biyu cur ina ɗura wa ɗan'uwana abin da ke cutar da shi, safe da rana da yamma, a kan lokaci, ba fashi. Da ma sakaci na yi, da ya fi masa sauƙi.

Sauƙin bai zo a rana ɗaya ba. Makon farko cikin ya ci gaba da ƙugi, ƙwayoyin ne suka riƙa kwantar da shi. A mako na uku aka aiko da ɗanwake daga maƙwabta, ashe an haɗa garin da fulawa, ya kwana biyu a kwance. Tun daga nan duk kwanon da ya shigo gidan sai matarsa ta aika an tambayo da me aka yi shi. Ni kuwa na koma mai sayo magani idan ya ƙare, ba na sa baki a tukunya.

Ana saura kwana uku azumi, dattawan gari suka zo zaure da hantsi don jin matsayarsa. Ina zaune a gefe. Yayana ya dube su ya ce, "Yau kwana goma sha ɗaya ina jan ku, kun ga wani abu?" Suka ce ba su gani ba. Ya ce, "To, ku bar ni in kai ku Idi. Idan larura ta dawo, ni da kaina zan sauka, ba sai kun zo ba." Babbansu ya ce, "Malam, da ma fatanmu ke nan." Ya kai su Idin, ya kuma riƙe limancin shekaru masu yawa bayan haka, da ƙwayoyinsa a aljihu, bai sake kai alkama bakinsa ba.

Abin da na koya shi ne, tsari ba shi ne sani ba. Wanda zai yi jinyar wani, ya fara da tambayar mai ciwon, sannan ya saurari mai dafa masa abinci, sannan ya je ga likita. In ya ga dama, bayan nan ya kafa doka. Ni da ta ƙarshen na fara, kuma saura ƙiris in raba ɗan'uwana da gadon ubanmu da hannuna, ina ganin taimako nake yi.