Motar Yaya Sada da Ruwan Zobe

Tashi daga Katsina

Tun kafin kiran assalatu na ji rurin motar a ƙofar gidanmu da ke Ƙofar Durbi. Ɗoki bai bar ni na yi barcin kirki ba, na ɗaure kayana na kwance na sake ɗaurewa. Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ce, damina ta sauka, duk gari ana zancen sabuwar gwamnati, mu kuwa a gidanmu zancen mota ake.

Yayanmu Sada bakanike ne a Ƙofar Kaura. Shi ya sayo ta a Maraɗi, a hannun wasu Turawa da suka keto hamada da ita. Fara ce doguwa, cikinta akwai gado biyu, da murhun gas, da famfo, da tebur mai naɗewa, har da labule. Tun da ya kawo ta abokansa ke yi masa tsiya wai ya sayi gida babu fili.

Amma ba don yawo kawai muka shirya tafiyar ba. Yayata Rakiya mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gida, sai ta ƙi fita ko tsakar gida. Ta rame, magana sai an ja ta. Yaya Sada ne ya san yadda ya ɓullo mata.

"Rakiya, ai ba fita za ki yi ba," in ji shi. "Daga ɗaki za ki koma ɗaki. In kin so ki ja labule har mu dawo."

Ta ce, "To, Yaya." Muna idar da sallah ta shiga, ta kwanta a gadon baya, ta ja labulen kuwa. Ni na haye gaba ina washe baki kamar an ba ni sarauta.

Hanyar Jibiya

Mun saba ganin sojoji a wannan hanya da bindiga da ganguna a tsakiyar titi. Ran nan wasu wuraren sai ganguna kawai muka tarar a gefe. Duk shingen da muka wuce sai Yaya Sada ya danna oda ya ce, "Sannunku da hutawa," ni kuma in fashe da dariya.

Kusa da Jibiya 'yan kwastan suka tsayar da mu. Babbansu ya leƙo, ya ga tukunya a kan murhu, ya ja da baya.

"Malam, wannan mota ce ko gida?"

"Ranka ya daɗe, duk wanda ya fi sauƙin takarda."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira 'yan uwansa suka zo kallo. Ɗaya ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, ya ce a bar shi ya yi alwala ko don ya ba iyalinsa labari. Muka ba su shayi, suka yi mana fatan sauka lafiya.

Da hantsi muka isa madatsar ruwan Jibiya. Ban taɓa ganin ruwa mai wannan faɗi ba. Na cire takalmi na ruga cikin rairayi, ni da nake koyar da yara natsuwa a makaranta. Na tsoma ƙafa, sanyi ya ratsa ni har ka, na dawo da gudu ina buga tagar baya.

"Yaya, ki leƙo ki gani, har tsuntsaye farare a bakin ruwa."

"Na gode, Mariya. Ku yi kallonku."

Muka ci dambun da na taho da shi, ita ko loma uku ba ta yi ba. Yaya Sada ya ce in ƙyale ta, tafiya ba ta ƙare ba.

Batsari zuwa Dutsin-Ma

Muka yanki kudu ta Batsari. Hanyar duk ramuka, kwanuka na kiɗa a baya, gero ya yi kore shar hagu da dama. A wata rugar Fulani muka tsaya shan fura da nono, matar da ta dama mana ta zagaya motar ta ce wa ƙawarta, "Ashe 'yan birni ma sun fara ƙaura da ɗakunansu."

Bayan La'asar muka shiga Dutsin-Ma. Ni da Yaya Sada muka hau dutsen da garin ya ci sunansa, ina haki ina hange, rufin kwano na walƙiya a ƙasa. A ƙofar gidan wani abokinsa muka kwana, mu mata a mota, shi a zaure.

Zobe

Da safe muka gangara ruwan Zobe. Wannan ya ninka na Jibiya a idona, ga kwalekwalen masunta jere, ga rairayi mai laushi kamar an tankaɗe. Yaya Sada ya faka a ƙarƙashin wata bishiya ya tafi cinikin kifi. Ina ɗora ruwan zafi na ɗaga kai, sai ga mata sun yi layi a ƙofar motar, wasu da goyo. Wai labari ya bazu a ƙauyen da ke kusa cewa sabuwar gwamnati ta aiko da motar asibiti.

Ina ta rantsuwa cewa mu 'yan yawon buɗe ido ne, wata tsohuwa mai sanda ta ture ni ta haye. Ta yaye labule ta zauna a bakin gadon Yaya Rakiya, ta miƙe ƙafa.

"Likita, gwiwar nan ce. Tun bara."

"Inna, ni ba likita ba ce."

"To mi ya kwantar da ke cikin motar asibiti? Ko ke ce marar lafiyar?"

Sai na ji abin da na yi watanni ban ji ba, Yaya Rakiya ta yi dariya. 'Yar ƙarama ce, amma dariya ce. Ta ɗauko man zafi daga jakarta ta shiga murza wa tsohuwar gwiwa. Sunanta Inna Tabawa. Tana tambaya Yaya na ba ta amsa, har aka zo kan rasuwar. Tsohuwar ta yi addu'a, ta ce ita ma maza biyu ta binne, na biyun masunci ne a wannan ruwa.

"Kin zo har nan ba ki gaishe da ruwan ba? Tashi ki riƙe ni, gwiwata ba ta son rairayi."

Yaya ba ta iya yi wa tsohuwa musu ba. Ta gyara mayafi ta sauko, tana kare ido da hannu saboda haske. Suka taka a hankali har bakin ruwa. Na ga Yaya ta tsaya, ta daɗe tana kallo, ta share ido, sannan ta zare takalmi.

Yaya Sada da ya dawo da karfasa a hannu ya gan su, sai ya juya kawai ya kira mai kwalekwale. Mu huɗu muka shiga, har da Inna Tabawa. Jirgin na tangaɗi, ni ina salati ina ƙanƙame gefe, Yaya Rakiya na watsa mini ruwa tana cewa ashe duk rawar kaina a tudu ta tsaya. Muka sauka jiƙe sharkaf, muka soya kifi a motar, matan da suka zo ganin likita kowacce ta samu yanka.

Da za mu tashi tayoyin baya suka nutse a rairayi. Masunta suka taru suna turawa suna waƙa. Yaya Rakiya ta ɗaure zani ta sa hannu, motar na fita ta zube zaune, ta kasa tashi don dariya.

Komawa gida

Ta Kurfi muka biyo. A Batagarawa ruwan sama ya tare mu, ya kuma ɗauke kafin mu shiga gari. Ni aka mayar baya, Yaya ta ƙwace kujerar gaba, tana gaya wa Yaya Sada wai hannunsa bai faɗa ba a tuƙi.

Gab da Magariba muka tsaya a ƙofar gida. Mahaifiyarmu ta fito da carbi a hannu tana neman fuskar 'yarta ta tagar baya, sai ta ji murya daga gaba.

"Inna, a hura gawayi. Kifi na kawo maki, kuma ni zan gasa."

Inna ta dube ni, ta dubi Yaya Sada, ta juya da sauri ta shige ɗauko murhu.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Allah ya saka wa Yaya Sada, ya ba Inna Tabawa lafiyar gwiwa, domin har muka rabu ba ta yarda cewa Yaya Rakiya ba likita ba ce.