Ƙirjin Mai-faci

Mai-faci bai taɓa zama wuri ɗaya har wurin ya yi ɗumi ba. Rumfarsa tana bakin titi kusa da gidan mai, da injin iska mai tari kafin ya tashi, da bahon baƙin ruwa, da tsofaffin tayoyin da ya jera wa masu jira. Shi ba ya hawansu. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake faɗa da direbobi. Aikinsa bai wuce neman inda iska ke fita ba. Yakan hura tiyub, ya lashi leɓensa, ya kara a jikin robar yana juyawa har ya ji sanyin huda. Ko ya gama liƙewa bai yarda ba, sai ya sake karawa, ya kuma sakewa. Direbobi su zage shi kan ɓata lokaci, gobe kuma su dawo.

Matarsa ta haihu ta hanyar tiyata, ciki bai cika wata bakwai ba. 'Yan biyu ne, duka mata, ko wacce da kaɗan ta fi tafin hannunsa. Aka wuce da su ɗakin bakwaini aka sa a kwalba, robar iska a hanci, robar abinci a baki. Ba a kiran su da komai sai Babba da Ƙarama.

Makonni suka yi ta wucewa. Uwar tana kan benci tana tatsar nono a ɗan kofi, shi kuma yana zarya tsakanin rumfa da asibiti. Ya zo, ya leƙa, ya tambayi abin da sikeli ya ce, ya fita, ya dawo ya sake tambaya. Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke ce wa Sista, kullum sai ta mayar da shi bakin famfo da buroshi.

"Wannan baƙin ba datti ba ne, Sista," in ji shi. "Da shi aka haife ni."

"To koma ka wanke haihuwar."

Babba ce ta fara fita daga kwalba. Aka ɗaura wa uwar ita a ƙirji, fata da fata, don ɗumin jiki ya maye gurbin na gilashi. Ƙarama ta rage a baya, ta ƙara nauyi yau ta rage gobe. Ana haka aka kawo wani jariri da bai kai ta ba, kuma kwalaben ɗakin duk a cike. Likita ya kira su ya faɗa musu ba kwana-kwana. Ƙarama tana numfashi da kanta yanzu, ɗumi kawai ba ta iya riƙewa. Uwar tana fama da ɗinkin tiyata da kumburin nono, ba za ta ɗauki biyu yini guda ba. Ko a samu wani ƙirjin, ko a tura yarinyar wani asibiti a gari mai nisa inda akwai kwalba, ba uwa, ba nonon uwa.

Mai-faci ya cire riga tun likita bai rufe baki ba.

Aka ja masa labule a kusurwa, kusa da kujerar matarsa. Sista ta kwantar masa da Ƙarama a ƙirji kamar ɗan kwaɗo, ta sa mata hula, ta ɗaure su da zane. Bai ji nauyin komai ba, abin da ya tayar masa da hankali ke nan. Ƙafarsa ta hau rawa. Ya dubi famfo, ya dubi taga, ya ƙirga ƙusoshin silin. Da rana ta yi, Sista ta sa ma'aunin zafi a hammatar yarinyar, ta duba, ta ɓata fuska.

"Ta yi sanyi. Jikinka kamar murhu, ita kamar an fito da ita daga randa. Me kake yi mata?"

"Ni? Zama kawai nake yi."

"Ƙarya yake," in ji matarsa daga kujerarta, ba ta ko ɗaga kai ba. "Da kin juya baya yake sassauta zanen, ya ɗago ta ya kara leɓe a hancinta. Na gaji da ƙirgawa. Baban yara, 'yata ba tiyub ba ce."

"Uwar biyu, in ta daina numfashi fa? Wa zai sani?"

Sista ta nuna masa ɗan abin da aka maƙala a ƙafar yarinyar, da wayar da ta tafi jikin na'ura. Ta ce in numfashi ya tsaya wannan zai yi kuka har a ji a waje.

"Gejin iskar taya ma yana ƙarya, Sista. Na sha gani."

"Ma'aunina ba ya yi. Duk buɗewar da ka yi, ɗumin da ta tara ne kake zubarwa. An riga an nemi motar da za ta kai ta. Da yamma zan sake aunawa. In ta yi sanyi ta tafi."

Ta sake ɗaure su, wannan karon ta kai ƙullin baya inda hannunsa ba ya isa.

Ya cusa hannuwansa ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne. Daga inda yake ba ya ganin komai sai saman hula da gefen kunne. Ya yi ƙoƙarin jin numfashinta a fatarsa, bugun zuciyarsa ya hana. Gumi ya bi bayansa. Wayarsa ta yi ta ɓari a aljihun wando, ya san direbobi ne, bai taɓa ta ba. Can sai ya ji kamar yarinyar ta yi shiru fiye da kima. Hannunsa na dama ya zame ya fito da kansa, ya kai bakin zanen.

"Ina kallon ka," in ji matarsa.

"Ba ta motsi."

"Barci take. Mutane suna yi, kai ne ba ka sani ba."

Ya mayar da hannun. Leɓensa ya bushe don lasa. Ta taga ya hango motar asibiti ta shigo ta tsaya, direban ya fito ya jingina da ƙofa. Tayar baya ta hagu ba ta da isasshiyar iska. Ya kafa mata ido, don ita kaɗai ce abin da zai iya kallo bai taɓa ba.

Sista ta zo da ma'auninta. Ta zura hannu ta gefe, ba ta kwance komai ba, ta jira. Ta ɗaga shi ga haske, ta karanta, ta leƙa waje ta ce wa wata nas a sallami direba.

"Ta zauna," ta ce. "Gobe ma haka, jibi ma haka, har sai sikeli ya ce ku tafi. Ka nemi mai riƙe maka rumfa."

"Yanzu zan iya dubawa? Sau ɗaya."

"A'a."

Ƙafar tana ta rawa. Sista ta kai bakin labule ya sake kiran ta, murya ƙasa-ƙasa don kada matan ɗakin su ji.

"Sista, fitsari fa?"

"Riƙe shi," ta ce. "Sai uwarta ta gama da Babba."