Bitrus a kujerar wankin ƙafa

Jama'a, yau an ƙwace min kujera a coci ina ji ina gani!

Ina cikin mutum sha biyun da Fada zai wanke wa ƙafa yau Alhamis Mai Tsarki. Kwana uku ina goge kaushi da dutse. Zan taso daga Samaru, maƙwabcina Bitrus ya fito daga lambu, ƙafa duk laka, wai in rage masa hanya. Na sauke shi ƙofar coci a Sabon Gari, na je ajiye mashin. Ina shiga, ga Bitrus a kujerata.

Katikis, mai taimaka wa Fada, ya ce, "Malam Yakubu, na ƙirga sha ɗaya, na cike."

Sau biyu aka canza ruwa saboda Bitrus. Muna fita ya ce, "Mu je?"

Na ce, "An wanke maka ƙafa, taka da ita."