Maganin da Kaka Ta Raba Kamar Goro

Ɗazu maƙwabciyata ta shigo tana tari, ta roƙe ni ƙwaya biyu cikin maganin tarin ɗana. Nan take na tuna Kaka.

A haɓar zanenta take ƙulle ƙwayoyin tarin da lokotoro, wato likita, ya ba ta, tare da goro, har suka ɗauki ƙamshinsa. Wata rana da hantsi, shekarar da aka samu 'yancin kai, wata tsohuwa daga Gafati ta zo gaishe ta tana tari. Kaka ta kwance ƙullin ta zuba mata a tafi.

Ni da ke zuwa lakwal, makarantar boko, na ce, "Kaka, lokotoro ya ce ke kaɗai za ki sha, har su ƙare."

Ta yi dariya, ƙirjinta na kuka kamar tsohon ƙyaure. "'Yar lakwal, a gidan nan an taɓa cin abu baƙo na kallo?"

Maganin ya ƙare tun lokacinsa bai yi ba. Tarin ya dawo, bai bar ta ta ga sabon gero ba.

Na hana maƙwabciyata, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, na raka ta asibiti. Har yanzu kunnena na kan numfashin ɗana.

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka. Ya sa wannan rowa tawa ta raya mini yaro.