Gaisuwar Sirdi

Ɗalha mai wankin hula ne a Sheshe, kuma gajere ne. Gajartar ba ta kai a yi masa laƙabi da ita ba, amma duk hoton biki a gaba ake tsayar da shi, kusa da yara. Ya haura arba'in, yana da mata, Sa'adiyya, da 'ya'ya, da hannu mai kyau wajen sa sitati. In ya wanke hula ya kifa ta a katako ta bushe, sai ka rantse ba a taɓa gumi a cikinta ba. Bayan la'asar yakan jera hulunan a kwando ya bi gida-gida yana kai wa masu su.

Ƙanen mahaifinsa, Baffa Ashafa, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. Baffa ya daɗe da barin sayar da yadi, yanzu aikinsa zama a kan dakali a bakin lungu, lungun kuwa ba shi da wata mafita. Ƙa'idar da kowa ya tashi da ita ita ce: in a kan keke kake, ka sauka, ka rusuna, ka gaishe shi, ya tambaye ka iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tura kekenka gaba kaɗan kafin ka hau. Ɗalha ya yi haka tun ƙafarsa ba ta kai feda ba. Bai taɓa cewa abin ya dame shi ba. Ba a kuma taɓa tambayarsa ba.

Sai wani dillalin gwanjo a Ƙofar Wambai ya haɗa shi da keken Turawa mai tayoyi kamar na babur. A kan keken, daidai babban yatsan hagu, akwai wani ɗan ƙarfe da ake dannawa. Dillalin ya ce ƙararrawa ce ta lalace. A hanyar gida Ɗalha ya danna, sirdin ya nutse da shi ƙasa sululu. Ya yi salati, ya ɗauka ya karya keken tun bai kai gida ba. Ya ɗaga jikinsa ya sake dannawa, sirdin ya taso da ƙarfi ya same shi a inda ba ya son a tambaye shi.

Kafin sati ya gane kan abin. Ya kuma gane wani abu da bai gaya wa kowa ba: in sirdin yana can sama, ya fi kowa tsawo a lungun. A karo na farko ya ga saman hulunan mutane suna kan masu su. Ya ga waɗanda suke bukatarsa ba su sani ba. Ya ga sanƙon da liman yake ɓoyewa.

Ran nan da ya zo daidai dakalin bai sauka ba. Ya rage gudu, ya danna, sirdin ya sauka da shi har kansa ya yi ƙasa da kan Baffa.

"Baffa, an wuni lafiya?"

Baffa ya dube shi, ya dubi keken. Ya ɗan sunkuyo ya dubi sirdin da kyau.

"Lafiya lau, sirdi," in ji shi. "Ya gida? Ya tayoyi? Sarƙa tana lafiya?"

Masu sayen ƙosai a gefe suka kawar da kai suna ƙunshe dariya. Ɗalha ya wuce.

Haka abin ya ci gaba. Kullum Ɗalha ya danna ya gaida Baffa, kullum Baffa ya amsa wa sirdi, cikin ladabi, ba fushi. Sunan Ɗalha bai sake fitowa daga bakinsa ba. A Sheshe kuwa, mutumin da uban da ya riƙe shi ba ya amsa masa gaisuwa, magana ce da take shiga gidaje kafin magariba.

Sa'adiyya ce ta tare shi da ita yana shanya huluna.

"Malam, wai mene ne a cikin saukar nan?"

"Mene ne rusunawa, Sa'adiyya? Ba kanka ya yi ƙasa da na babba ba? To nawa yana yi. Har ya fi na da."

"Kai kake saukar da shi, ko yatsanka?"

"Yatsan na waye?"

"To ka je yatsan ya ci tuwon, ni na gaji. Jiya a gidan suna ana tambayata wai ya jikin sirdi."

Ya ce mata sauka tana ɓata lokaci, kuma kwandon yana karkacewa. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin ba. Dalilin shi ne in ya sauka, sai ya koma tsawonsa. Baffa ma yana da nasa dalilin da bai faɗa ba, yana ta maganar tarbiyya. Abokan zamansa sun mutu ko sun koma sababbin unguwanni, samari a kan babur hannu kawai suke ɗaga masa. Ɗalha kaɗai ya rage mai tsayawa har a ƙare tambayar iyali. Kowannensu yana son abin da ke hannun ɗayan, kowanne kuma ya gwammace a ce masa mai taurin kai.

Cikin masu kawo wa Ɗalha hula akwai Mikail, ma'aikacin banki, wanda ya ga keken ya riƙe baki. Ya ce shi da abokansa suna fita ran Lahadi can bayan Dawanau, inda akwai duwatsu da tsofaffin ramukan da aka haƙi ƙasa, suna tseren da ake kira enduro. Hawa dutsen ba a lissafa shi, kowa ya hau yadda ya ga dama. Gangarowa ita ce tseren.

Ɗalha ya je da doguwar riga, ya soke ta a wando. Suka ara masa hular kwano. Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce tana bukatar wanki. Da aka zo gangara ya danna, sirdi ya sauka, ya zauna daram a kai kamar yadda ya saba yi wa Baffa. Dutse na farko ya cilla shi cikin sabara.

"Malam Ɗalha, wa ya ce ka zauna?" Mikail ya tambaya yana ciro shi.

"To me aka sauke shi ya yi?"

"Don ya ba ka wuri. Ka miƙe a kan feda, ka lanƙwasa gwiwa, ka ja jikinka baya, ka yi ƙasa da ƙirjinka. In ka zauna, duk abin da taya ta taka a bayanka zai ƙare."

"Wato ni zan sunkuya."

"Kai mana. Da wa?"

Ɗalha ya sake hawa keken. Ya yi ta faɗuwa har rana ta yi zafi, sannan ya fara gangarowa ba faɗuwa, gwiwoyinsa suna shanye duwatsun. Da aka yi tseren ya zo na biyu daga ƙarshe. Na ƙarshen tayarsa ce ta fashe.

Washegari bayan la'asar Ɗalha ya fito da kwandon huluna. Tun daga nesa ya sauke sirdin, ya miƙe a kan feda, ya lanƙwasa gwiwa, ƙirji ya kusa taɓa kan keken, ɗuwawu can baya yana kallon lungu. A haka ya gangaro gaban dakalin a hankali.

"Baffa, an wuni lafiya?"

Baffa ya sunkuyo zai amsa wa sirdi, ya tarar ba kowa a kansa. Ya duba sarari tsakanin sirdin da mutumin. Har ya zura sandarsa ta wuce.

"Wa ke riƙe da kai?"

"Gwiwata, Baffa."

Baffa ya janye sandarsa. Keken yana ta tafiya, saura kaɗan ya wuce dakalin.

"Lafiya lau, Ɗalha," in ji shi. "Ya Sa'adiyya?"

Ɗalha ya matse birki. Keke kuwa in ya tsaya, ba ya tsayuwa da kansa. Ya yi ta murɗa kan keken hagu da dama don kada ya faɗi.

"Tana lafiya, Baffa."

"Ya Ikram? Tarin ya sake ta?"

"Ya sake ta."

"Maryam fa? An ce ta fara haƙori."

Ƙafar Ɗalha ta hagu ta sauka ƙasa. Ita kaɗai. Ta dama ya bar ta a kan feda, ya tabbatar kowa ya ga tana can. Baffa ya dubi ta ƙasan, bai dubi ɗayar ba. Ya gyara zama, ya jingina sandarsa da bango.

"Wannan yaron na banki da kuke hawa duwatsu," ya ce, "ɗan gidan wa ne? Faro mini daga kakansa."