Injin Babanmu da Harawar Maƙwabci

Har yau idan aka ƙyasta ashana kusa da ni, ɗan ƙaurin nan da ke tashi kafin wuta ta kama sosai yakan mayar da ni filin makarantarmu ta firamare, a wani ƙauye da ke tsakanin Kibiya da Tarai. Na girma, na yi aure, ina da 'ya'ya, amma da na shaƙi ƙaurin nan sai in ji kaina ya yi nauyi, in rasa inda zan sa idona. Bari in ba ka labarin yadda abin ya faru, mai karatu.

A shekarun nan ne da soja suka koma bariki, aka dawo da zaɓe, sannan aka ƙaddamar da Shari'a. Kowa a ƙauyenmu yana da abin da yake zumuɗi a kai. Wasu siyasa, wasu wa'azi a bakin kasuwa. Babanmu kuwa malamin kimiyya ne a makarantar garin, siririn mutum mai sanyin magana, wanda alli ba ya rabuwa da hannun rigarsa. Wani hutu aka tura shi kwas Kano. Muka yi ta jiran tsaraba, ni da ƙannena. Da ya dawo, ko alewa babu a jakarsa, sai wasu hotuna a naɗe cikin tsohuwar jarida.

Ya baje su a kan tabarma a soro. Akwai hoton roka tana tashi, wuta na bin ta a baya. Akwai na wani mutum cikin fararen kaya masu kumburi, yana tsaye a kan ƙasa mai launin toka, wai a duniyar wata ne. Akwai na duniyarmu kanta, ƙwallo shuɗi a cikin duhu. Ya ce a kwamfuta ya samo su. Mutanen da suka yi aikin ne suka tara hotunan wuri guda, suka bar su a buɗe kamar rijiyar gari, duk mai so ya ɗiba, ba wanda zai ce masa don me. Wannan ya fi komai ba shi mamaki, ya yi ta maimaita shi.

Amma hoton da ya fi so ba na masu tashi ba ne. Wani inji ne ƙato, bakinsa kamar an kifa tukunya, an ɗaure shi a jikin wani gini na ƙarfe da siminti. Wuta na fita daga bakinsa, hayaƙi fari ya tashi ya fi duwatsun Rano tsayi. Na tambaye shi ina injin zai je.

Ya ce, "Ba inda zai je. Gwaji ne. Kafin su yarda su ɗora ɗan mutum a kansa, sai sun ɗaure shi a ƙasa, sun kunna shi, sun ji muryarsa."

Ya liƙa hotunan a bangon soro da ƙullun rogo. Soronmu ya zama wurin hira bayan la'asar. Wasu suka ce ƙarya ce ta Turawa, wata ba wurin zuwa ba ne. Wani matashi ya ce hoton mai rai bai halatta a bango ba. Liman ya zo da kansa, ya sa tabarau ya duba mutumin mai fararen kaya, ya ce shi dai bai ga fuska ba, kuma Allah bai hana bawa duban ikonsa ba. Kakarmu, mahaifiyar Baba, wadda muke ce wa Iya, sau ɗaya ta leƙo. Ta daɗe tana kallon injin nan, sannan ta ce, "Ni dai doki na san ana ɗaurewa a turke, ban san ana ɗaure wuta ba." Ta koma ciki abinta.

Akwai wani maƙwabcinmu da ya kamata ka sani. Dattijo ne Bafulatani da ya daɗe da zama a gefen gari, yana noma, yana kiwon 'yan shanunsa. Baffa muke ce masa. Matarsa kan aiko mana da kindirmo a ƙwarya duk ranar kasuwa, 'ya'yansa kuma ajinmu ɗaya. Gonarsa tana bayan makaranta. Idan an gama girbi, yakan ɗaure harawar wake dami-dami, ya jibga a kan wata doguwar rumfa a bakin gonar. Ita ce abincin shanunsa har ruwa ya sauka.

Baba ya ƙudurta sai ya nuna wa ɗalibansa abin da ke cikin hoton nan da idonsu. Ya ce yaran ƙauye ma suna da haƙƙin su ga kimiyya tana motsi, ba a allo kaɗai ba. Ya je Rano wurin wani maƙeri aka yanko masa guntun bututun ƙarfe, ya samo albarushi wurin wani maharbi. Makonni yana rufe kansa a ɗakin ajiya idan ya taso daga aiki. Aka sa ranar ba da sakamakon jarrabawa, ranar da iyaye ke zuwa, har da dagaci da kansilan mazaɓarmu. Ni kuwa babu wadda ban gaya wa ba. A rijiya na faɗa, a islamiyya na faɗa, cewa babanmu zai kunna injin zuwa wata. Shi ya zaɓe ni in riƙe hoton injin, wanda ya liƙa a kwali, don mutane su gwada da nasa. Ranar na sa atamfata ta Sallah.

Rana ta ɗaga, iska na kaɗawa kaɗan-kaɗan daga gabas. An jera wa manya kujeru a inuwar darbejiya, mata suna can baya. Baba ya kafa turke a tsakiyar fili, ya ɗaure bututun da waya, ya sa aka ja yara baya. Ya yi bayani mai tsawo, cike da murna. Ina tsaye na ɗaga kwalina sama har hannuwana suka gaji. Sannan ya ƙyasta ashana.

Da farko ba abin da ya faru. Wani siririn hayaƙi ya fito, bututun ya yi wani ɗan sauti mara daɗin faɗa, irin wanda yara ke yi wa dariya. Aka kuwa yi dariyar. Baba ya taka zai duba, sai abin ya yi ruri. Wayar ta tsinke. Bututun ya fizge daga turken, ya bi ƙasa yana wutsil-wutsil kamar zakaran da aka yanka, ya nufi kujerun manya. Kansila ya tashi zai gudu, babbar riga ta harɗe shi, ya faɗi hularsa ta yi gefe. Abin ya juya, ya tsallake shingen makaranta, ya shige ƙarƙashin rumfar Baffa.

Ka san busasshiyar harawa. Kafin a ɗauko bokiti ɗaya daga rijiya, wuta ta kai saman rumfa. Maza suka yi ta watsa ƙasa, suna bugu da ganye, a banza. Allah ya taƙaita, ba wanda ya ji ciwo, kuma wutar ba ta kai gidaje ba. Da hankali ya kwanta sai dariya ta dawo, wannan karon har da manya, ana kwaikwayon faɗuwar kansila. Sai a lokacin na lura har yanzu ina ɗage da kwalin nan a sama. Na sauke shi a hankali, na kifa shi a jikina. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Baffa yana wurin kiwo, sai da yamma ya dawo. Ya tsaya a gaban tokar, sandarsa a kafaɗa. Baba ya durƙusa a gabansa. Baffa ya ce, "Tashi, Malam. Mu gode Allah da ba mutum ba ne."

Washegari aka raɗa wa Baba suna Malam Wata, ni kuma 'Yar Wata. Idan na je ɗiban ruwa, sai in ji yara a bayana suna kwaikwayon ƙarar bututun da bakinsu. Na daina zuwa dandali. Hedimasta ya karɓe darasin kimiyya daga hannunsa, ya mayar da shi koyar da 'yan aji ɗaya baƙi da wasali. Wasu matasa suka je suka sami Baffa, suka ce yanzu lokacin Shari'a ne, ya kai ƙara gaban alƙali a bi masa haƙƙinsa. Ya ce da su, "'Ya'yana a hannunsa suke karatu. In kai malamin 'ya'yana gaban alƙali a kan ciyawa?" Da labarin ya zo gidanmu, Baba ya shiga soro ya ɓamɓare hotunan ɗaya bayan ɗaya. Shatin ƙullun ya daɗe a bangon. Iya ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba, kuma ina jin da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Rani ya yi tsawo a shekarar. Baba ya shiga wata sabuwar al'ada. Da an tashi daga makaranta sai ya ɗaure buhu a bayan keke ya shiga daji. Yana tsinto 'ya'yan gawo, yana roƙon kara a gonakin mutane, ranar kasuwar Rano ya ɗauro dusa. Duk ya kai garken Baffa ya zube, ya juyo ba tare da ya jira godiya ba. Wata rana muna dawowa daga islamiyya da ƙawayena, muka hango shi a gindin gawo, a sunkuye, da farar rigarsa ta koyarwa, yana rige-rigen tsinta da awaki. Wata ta ce, "Ga Malam Wata can ya sauko ƙasa." Na ja mayafina na rufe fuska, na ƙara sauri. A lokacin gani nake babu wulaƙancin da ya kai wannan.

Abin da keke ɗaya ke ɗaukowa ba ya ƙosar da garke. Shanun suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ana gab da saukar ruwa, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, wata farar saniya mai ciki ta kwanta ta kasa tashi. Ita ce wadda ta fi ba gidan Baffa nono. Dole aka yanka ta kafin ta mutu. Da la'asar sai ga ɗan Baffa ya yi sallama da kwano a rufe, ya ce an ce a kawo wa Malam rabonsa na maƙwabtaka.

Innarmu ta dafa, aka zuba wa Baba a kan tuwo. Ya zauna ya zuba wa kwanon ido, ya ture shi gefe. Iya tana zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ba a mayar da kyautar maƙwabci. Ka ci." Ya jawo kwanon. Naman ba kitse ko kaɗan, sai jijiya. Ina kallonsa yana taunawa, hawaye na bin gemunsa, har ya cinye. Ban taɓa ganin babba yana kuka ba sai ranar. Na ajiye nawa tuwon na fita bayan ɗaki.

Yanzu komai ya sauya. An kewaye makarantar da bulo, gonar Baffa ta zama gidaje, shi da Iya duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka riƙa tsokanata sun zama iyaye, wasunsu ma sun manta dalilin sunan. Baba ya yi ritaya, idonsa ya yi rauni. Hotunan da sai da ya je Kano ya samo guda nawa, yau suna cikin wayar kowane yaro, ba iyaka.

Da Sallar da ta wuce na kai masa jikokinsa. Babban ɗana, mai son irin waɗannan abubuwa, ya buɗe masa taskar hotunan a waya. Suna cikin dubawa sai ga wani injin gwaji da ya fashe a kan gininsa, ƙarafa sun watse, wuta ta ci ko'ina. Na ji wani sanyi a raina. Na ce, "Baba, ka gani, su ma da iliminsu da kuɗinsu nasu yana fashewa." Na ɗauka zan sauke masa kayan da ya daɗe yana ɗauke da su.

Ya kai wayar dab da idonsa, ya daɗe. Sannan ya ce wa yaron, "Rage girman hoton. Me ke kewaye da wurin?"

Yaron ya duba ya ce, "Fili ne kawai, Kaka, da daji. Babu gida ko ɗaya."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kin gani. Watanni na yi ina kallon wutar nan a bangon soro, ban taɓa duba gefen hoton ba. Su sai da suka duba dukiyar wa ke kusa kafin su kunna."

Shekara da shekaru ina jin kunyar dariyar da aka yi mana, ashe shi dariyar ba ta taɓa damunsa ba. Ya miƙa wa yaron wayarsa, ya gyara zama, ya ce idan za mu tafi mu biya ta gidan 'ya'yan Baffa mu gaishe su, kada mu je hannu rabbana.