Furar Inna a Gorar Roba

A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa a Shagari, ba a musun ƙwallo ko siyasa kamar yadda ake musun fura. Mashaya fura kuwa kamar sauran mashaya suke, kowa yana da wadda yake auna saura da ita. Idan aka kawo wata sabuwa, ba wanda zai ce ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Sai dai a ce ta kai ta wance, ko kuwa da sauranta. In ana maganar nono, ana kawo ta wata Bafulatana da ke zama ƙarƙashin dogon yaro ranar kasuwa. In laushin kirɓi ake nufi, sai a ambaci ta bakin tashar Boɗinga. Furar inji da ake sayarwa a firji kuwa ko lissafinta ba a yi, wai kunun yara ce. Amma in an gama kewaye-kewaye, wuri ɗaya ake tsayawa: furar Inna. Inna kuwa mahaifiyata ce, tana can gidanmu a Dancaɗi.

Ba don uwata ce ba, furar ta isa a yi mata wannan shaida. Ƙamshin geron ne ke fara tarbarka, geron da aka surfa da hannu aka wanke tas. Sai citta, sai kanumfari can baya kamar ba ya nan. Barkonon ba ka jin sa sai ka haɗiye, ya ɗan taɓa maka maƙogwaro ya wuce. Nonon kindirmo ne mai tsami daidai, kuma ba ta yarda a sa sukari. Ta kan ce wanda ya zuba wa fura sukari yana da abin da yake ɓoyewa.

Duk ƙarshen mako nakan hau babur in tafi gida. Ranar Litinin da sassafe sai in tarar da babbar gorar roba, irin wadda aka sha lemo aka bari, cike da fura, an naɗe ta da jiƙaƙƙen tsumma an jingine a jikin babur ɗina. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, ko kallon ido ba mu cika yi ba. In za ta ambace ni sai ta ce “wancan”. Ban taɓa jin ta ce na yi ƙoƙari ba, ko ranar da na gama karatu. Amma gorar nan ba ta taɓa fashi ba, kuma na san abin da take nufi.

Ni kuma na ɗauki abin na ɗora a kai. In na shigo ɗakin malamai da gorar, tafiyata ma canzawa take, sai ka ce ni na yi dakan. Akwai malamin lissafi, dattijo mai furfura wanda ya kusa ritaya, shi ne alƙalin fura a wurinmu. Shi ake fara zuba wa. Yakan kurɓa, ya lumshe ido, ya daɗe, sannan ya ce, “Ita ta,” wato ita ce. Daga nan kowa sai ya miƙo kofinsa. Shekaru muka yi a haka, ina karɓar yabon da ba nawa ba ina jin daɗi.

Sai wata damina zazzaɓi ya kwantar da Inna. Ta sha jiki, amma Allah ya tashi kafaɗunta. Mako na farko da ta iya riƙe taɓarya, na ga gorata a jikin babur, na yi murna ƙwarai. Da muka zuba a makaranta, yaji ya ɗan fi na kullum. Na ce hannu ne bai gama dawowa ba. Mako na gaba ya ƙaru. Daga nan nonon ma ya fara zuwa da wani tsami mai kama haƙori, irin na wanda ya kwana biyu a ƙwarya. Na ɗora wa sabon gero laifi, na ɗora wa masu sayar da barkono, har shanun Fulani ban bari ba.

Abokan aikina ba wanda ya ce uffan. Sai dai na lura kofunan sun fara ƙanƙancewa. Malamin lissafi ya ce likita ya hana shi yaji saboda gyambon ciki, amma yana kurɓar kaɗan don albarka. Wasu kuma ibada ta taso musu gaba ɗaya, suka tsiri azumin Litinin, har da waɗanda na san sallar walaha ma ba ta dame su ba. Duk da haka, in wani ya kawo fura daga wani wuri, suna sha za su ce, “Ta yi, amma ba ta kai ta Inna ba.” Suna faɗa ina gyaɗa kai, a gefe kuwa ga gorar Inna an sha rabi an bari. Da an tashi nakan ɗauke ta in kai bayan aji in juye, in wanke, in mayar gida kamar an shanye.

Ana cikin haka, bayan an cire albasa zafi ya sauko, aka turo mana sabon malamin kimiyya daga gabashin jiha. Saurayi ne mai fara'a, amma bakinsa ba linzami. Mako guda ya yi yana jin labarin furar Inna, har ya ƙosa Litinin ta zo. Ina shigowa da gorar ya miƙo kofi, ya ce a cika masa. Ya kafa kai ya yi babbar kurɓa. Sai tari ya sarƙe shi, idanunsa suka kawo ruwa.

Da ya samu numfashi ya ce, “Wagga ita ta hurar da kuka ta hwaɗi? Wallahi barkono na anka dama da nono!”

Wani ya shiga duba takardun jarrabawa, wani ya tuna yana da aji. Ni kuwa kunnuwana suka yi zafi. Ina da saurin fushi, kuma in na fusata bakina yana riga hankalina. Na ce masa bai san fura ba. Na ce roba ce da rana suka ɓata ta a hanya, fura ai a ƙwarya ake shanta. Na ce in ya isa, ranar Asabar ya zo Dancaɗi ya sha a inda ake dama ta.

Malamin lissafi ya yi gyaran murya ya ce, “Malam, a bar tsohuwa ta huta mana. Zahin ga ya yi yawa.”

Ƙofa ce dattijon ya buɗe mini in fita, na ƙi. Na ce har shi ma sai ya zo, shi zai zama shaida. Tun kafin in rufe baki na san na yi wauta, don ni ma na san rana ba ta ƙara wa fura barkono.

Ranar Juma'a da yamma na isa gida. Na sami matar ƙanena, wadda ke zaune tare da Inna, na ce ta shaida mata gobe ina da baƙi, malamai, furarta suka zo sha. Sannan na rage murya na roƙe ta ko za ta san dabarar da za ta yi ta zuba kayan yajin da kanta.

Ta dube ni ta ce, “Yaya, wa ya isa shi taɓa turmin Inna? Mu ma nan haka muka sha. Yara sai an ƙara musu ruwa.”

Ashe gidan duka sun sani. Kowa yana jiran wani ya faɗa, kuma da alama ni ake jira.

Da gari ya waye na zauna a zaure ina jin sautin dakanta. A da, in Inna na daka, daga bakin titi za ka gane. Ranar kuwa sai ta buga kaɗan ta tsaya, ta sake bugawa ta tsaya. Matar ƙanena ta ce tun da Inna ta ji malamai ne za su zo ta aika aka nemo mata geron da ta ɓoye na bara, ta kuma sa sabon zane. Can sai ƙaurin barkono ya biyo iska har zaure, na yi atishawa. Sau da yawa na miƙe zan shiga in yi magana, sai in kai bakin ƙofa in dawo. Ban san da wane baki zan ce wa Inna furarta ta lalace ba.

Baƙin suka iso da hantsi a kan babur ɗaya, sun yi sharkaf da gumi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, sannan aka shigo da babbar ƙwarya rufe da faifai, da ludaya a kai. A ido ba ta da makusa, fara sol, gayan ya damu lukui. Malamin lissafi ya yi bisimilla ya kai ludayi baki. Na ga jijiyar wuyansa ta motsa. Bai lumshe ido ba, bai ce komai ba, ya sake ɗiba. Mutumin da ke cewa likita ya hana shi yaji, haka ya yi ta sha gumi na ɗiga daga gemunsa. Sabon malamin kuwa, da alama an ja masa kunne a hanya. Yana sha yana share ido da hannun riga yana cewa, “Ma sha Allah. Lalle roba ta ka ɓata ta.”

Da dariya ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na zauna ina kallon mutum biyu suna azabtar da cikinsu don su rufa mini asiri, har suka ga ƙasan ƙwarya. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Da suka gama suka ce za su shiga su gaida tsohuwa. Muka same ta a ƙarƙashin rumfa, zaune a kan tabarma da sabon zanenta, ga ɗan ƙoƙo da sauran fura a gefenta. Suka durƙusa, aka gaisa, aka tambayi jiki da zafi.

Sai ta ce, “To malamai, ƙaƙa kunka ji hurar?”

Suka haɗa baki wajen yabo. Sabon malamin har da cewa bai taɓa shan irinta ba, wanda kuma gaskiya ne.

Inna ta yi murmushi ta ce, “Allah shi yi muku albarka. Kun yi abin da baƙon kirki ka yi.” Ta gyara bakin zanenta. “Ni dai tun zazzaɓin damina bakina ya mutu. Zuma da ruwa duk ɗai na gare ni. Hancin ma haka. Ina zuba yaji ina jiran in ji wani abu, ba ni ji. Na tambayi mutanen gida, kowa shi ce lahiya lau.”

Sai ta tura ƙoƙon nan gabana da bayan hannu, ba tare da ta dube ni ba, ta yi magana kamar da ginshiƙin rumfa take.

“A ba wancan shi ɗanɗana. Shi ka shan ta tun ba shi da haƙori. Shi hwaɗi.”

Na ɗauki ƙoƙon. Na san ɗanɗanon, ban buƙaci kurɓa ba, amma na kurɓa don in sami lokaci. In na ce ta yi, gobe za ta sake tashi ta yi daka, a ci gaba da ƙara wa yara ruwa, a ci gaba da yi mata ƙarya. In na faɗi gaskiya, na san abin da zan raba ta da shi. Kuma a gaban baƙi ta tambaya, ta san ba zan iya kaucewa ba.

Na ce, “Inna, barkono ya yi yawa. Nonon kuma ya wuce.”

“Tun yaushe?”

“Tun damina.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Na ɗauka shi ke nan. Sai ta ce, har yanzu idonta na kan tabarma, “Tun damina. Kuma kana ɗauka kana kai ma mutane, ana ce musu tawa ta.”

Duk watannin nan ina ganin mutuncinta nake karewa da shiruna. Ban taɓa tunanin cewa kowace Litinin ni ke ɗaure abin kunyarta a bayan babur in kai shi wani gari ba.

Ta juya wajen malaman, tsohuwar da ta haifi sa'an ɗayansu, ta haɗa tafukanta ta ce, “Ku yahe mani, malamai. Ban sani ba.”

Malamin lissafi ya sunkuyar da kai yana cewa, “Subhanallahi, Inna, subhanallahi.” Sabon malamin ya rasa inda zai sa idonsa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Ba su ƙara minti biyu ba suka yi sallama. Na raka su bakin hanya, na yi musu addu'ar sauka lafiya.

Na daɗe a waje kafin in iya komawa ciki. Da na shiga bayan la'asar, na tarar da matar ƙanena tana mirgina turmin furar daga ƙofar ɗakin Inna zuwa tata ƙofar. Inna na tsaye riƙe da taɓarya, tana gaya mata yawan cittar da ake sawa da lokacin da ake tsame curin daga wuta. Yarinyar ta ajiye turmin ta dawo ta miƙo hannu. Inna ta ci gaba da bayani, ta maimaita abin da ta riga ta faɗa, ta ƙara wani, yarinyar na tsaye da hannu a miƙe. Sai da bayanin ya ƙare mata sarai sannan ta saki taɓaryar.